Tablon mota ba fata ba ne, ba ya shan mai

Duk wanda ya taɓa kai motarsa wurin wanki a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya san yadda aikin ke ƙarewa. Bayan an ɗauraye jiki, an goge gilasai, an kakkaɓe shimfiɗun ƙasa, sai yaro ya ɗauko gwangwanin feshi ya girgiza, ya feshe tablo tun daga wannan ƙofa har waccan, ya bi da tsumma har wurin ya ɗauki ƙyalli kamar goshin amarya. Mai mota ya leƙa, ya shaƙi ƙamshin lemo, ya ƙara wa yaro ɗan abin goro, ya kama hanya yana jin ya sauke haƙƙin dukiyarsa. Tablo dai shi ne allon nan da ke gaban direba, ƙarƙashin gilashin gaba, inda agogon gudu da na mai suke. Mutanen Najeriya na ce masa dasbod.

Magana biyu ke yawo a kan wannan feshi, a tasha da gareji da wuraren shan shayi. Wasu na cewa tablo kamar jikin mutum yake, in ba a shafa masa mai ba sai ya bushe ya yi faso, musamman cikin hunturu. Wasu kuma, akasari tsofaffin direbobi, na rantsuwa cewa feshin nan shi ne ajalin tablo: ranar da aka fara shi an ɗaura aure ke nan, ranar da aka daina sai tsagewa. Kowane ɓangare na da motar da zai nuna a matsayin shaida. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu sun ɗora alhakin a kan gwangwani, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Magana ta farko tana da asali mai daraja. Ƙasar da ta shahara da fatar jar akuyar Maraɗi, ƙasar majema da dukawa, ba a koya mata yadda ake kula da fata. Kowa ya ga yadda ake jeme ƙirgi da bagaruwa, a shafe shi da mai, a murza har ya yi laushi. Kowa ya san takalmi ko linzami ko sirdi in ya bushe, mai ne maganinsa, domin fata tana da zare-zare da ƙananan kafofi, tana sha. Masu ƙera motoci kuwa sun buga wa tablo zane irin na fata, har da ƴan gurza-gurzan nan, sai ido ya ruɗu, hankali ya bi shi. Amma in aka cire tsirarun motocin alfarma, babu fata ko ƙyalle a jikin tablo. Roba ce.

A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da Marsandin shekarun 1970 da 1980, tablo hawa uku ne: ƙashi mai tauri a ciki, soso a tsakiya, sai siririyar roba a sama wadda ake kira PVC. Ita wannan PVC a asalin halittarta ƙanƙararriya ce, ita ce dai ake yin bututun ruwa mai tauri da ita. Kafin ta yi laushi sai an dafa ta a masana'anta tare da wani sinadari mai kama da mai, wanda kan kai kashi 1 cikin 3 na nauyinta, wani lokaci ma ya zarce. Wannan sinadarin laushi bai ɗaure da robar ba, zaune kawai yake a tsakanin ƙwayoyinta, kuma zafi yana korar sa sannu a hankali. Wanda ya lura da wani hazo-hazo mai maiƙo da ke taruwa a gilashin gaba ta ciki, ko da ba a shan taba a motar, ya ga wani ɓangare na abin da ke tashi daga tablo. In ya fita ya fita ke nan. Abin da aka dafa cikin roba da wuta ba ya komawa ta hanyar tsumma. Motoci da yawa na baya-bayan nan ma an sauya musu roba, an koma irin wadda ba ta buƙatar sinadarin laushi tun farko, don haka babu wata ƙishirwa da za a kashe mata.

Shaida mafi sauƙi tana bakin titi, wurin ƴan ruwa-ruwa. Tiyon roba da suke zuƙo fetur da shi yakan zo sabo yana lanƙwasuwa kamar igiya, amma bayan ɗan lokaci sai ya ƙanƙare ya zama kamar kara. Fetur ne ya wanke sinadarin laushin ya tafi da shi. Tiyon kullum cikin mai yake, bai hana shi bushewa ba, man ma shi ya busar da shi. Mai karatu ya riƙe wannan misali, za a sake buƙatar sa.

Babban maƙiyin tablo yana sama. A wani nazari da aka wallafa a shekara ta 2018, masu bincike na jami'ar jihar Arizona da ta California a San Diego, can Amurka, suka ajiye motoci a rana da kuma inuwa a ranakun da zafi ya kai digiri 38 ko ya wuce, suka auna. Bayan awa 1 a rana, iskar cikin mota ta kai digiri 47, sitiyari 53, tablo kuwa 69. Motocin da ke inuwa, tablonsu a 48 ya tsaya. A Yamai matsakaicin zafin rana cikin Afirilu wajen digiri 41 ne, kuma ba abin mamaki ba ne ya haura 44 a can ko a Tawa ko Birnin Ƙonni. Sai a ƙiyasta halin da tablon ma'aikacin gwamnati ke ciki, wanda ke ajiye mota a filin ma'aikata tun safe, hancinta na kallon rana, ba ya waiwayar ta sai an tashi. Masana haɗa sinadarai suna da wani ƙiyasi na kusa-kusa, cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar irin waɗannan abubuwa. Tazarar digiri 21 tsakanin rana da inuwa ke nan tana iya zama ninki 4. Babu gwangwanin da ya taɓa sauke zafin tablo da digiri ko ɗaya.

Sai kuma sauyin yanayi ya ƙarasa aikin. Cikin Janairu daren Damagaram kan sauka wajen digiri 15, da rana kuma tablo ya gasu a bayan gilashi. Roba ta buɗe ta tsuke, ta buɗe ta tsuke, soson da ke ƙarƙashinta yana nasa motsin daban. Wadda ke da sauran laushi tana jurewa. Wadda ta bushe sai ta yage, yawanci daga bakin kafofin iska ko wata kusurwa. Shi ya sa ake yawan ganin sabuwar tsaga cikin hunturu, har a ɗauka iskar ce ta yi mata faso irin na ƙafa, alhali ɓarnar bazarar shekaru ce ta bayyana.

A jikin gwangwanaye da yawa an rubuta cewa suna kare tablo daga hasken UV, wato sashen hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani. Gaskiya ne wannan haske yana karya roba, yana koɗar da launi. Sai dai abu biyu ba a faɗa wa mai saye. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da wata siririyar leda a tsakani, domin kada ya tarwatse in an yi haɗari, kuma wannan ledar ta riga ta tare fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken UV. Sannan masu ƙera tablo sun riga sun cuɗa maganin hasken cikin robar kanta. Abin da feshi ke ƙarawa shafi ne wanda bai kai kaurin gashi ba, tsumma na gaba zai tafi da rabinsa. Ba a ce ba shi da amfani sam, musamman ga jikin ƙofofi, tunda gilasan gefe ba su da waccan leda. Amma amfaninsa bai kama ƙafar na kwalin da aka tokare a gilashi ba.

To, masu cewa feshi ne ke tsaga tablo fa? Wannan zargi ba a nan aka haife shi ba. Ya daɗe yana bin wani maganin ƙyalli mai suna Armor All, wanda wani masanin sinadarai, Joe Palcher, ya haɗa a California cikin shekarun 1960, aka soma sayar da shi da wannan suna a 1972. Ya zo daidai da zamanin da tablon PVC ya cika motocin Amurka, suna tsagewa a jihohi masu zafi, na waɗanda suka shafa da na waɗanda ba su shafa ba. Abin da ke cikinsa galibi ruwa ne da silikon, shi kuwa silikon sinadari ne mai sanyin hali, ba ya cin roba. Yadda zargin ke samun gindin zama ba shi da wuyar ganewa. Mutum ba ya tuna gwangwani sai ya ga tablonsa ya koɗe ya yi furfura, wato lokacin da ya riga ya kusa ajalinsa. Ya fesa wata uku, tsaga ta fito, sai ya kama na kusa. Haka nan mai cewa ya daina feshi sai tablo ya lalace: ƙyalli ne ya ɗauke, tsufan da ke ƙarƙashi ya fito fili.

Amma tsofaffin direbobin ba su yi ƙarya ɗungum ba, kuma a nan ne tiyon ƴan ruwa-ruwa ke dawowa. Ba duk gwangwani ne ruwa da silikon ba. Akwai waɗanda aka narka silikon ɗin cikin dangin fetur, domin ya bushe da wuri ya yi ƙyalli sosai, kuma irin waɗannan suna iya yi wa tsohuwar roba abin da fetur ya yi wa tiyo. Ana gane su da wari mai hawa kai da alamar harshen wuta a jikin gwangwani. Na ruwa kuwa yawanci fari ne kamar madara, cikin gora mai matsawa. Mafi muni shi ne dabarun gida. Akwai mai goge tablo da kananzir ko gazuwal, akwai mai shafa basilin ko man gyaɗa ko baƙin mai, har da mai ɗiga man birki a tsumma don ya ga yana sa taya baƙi. Man birki fenti ma yake ɗayewa, balle roba. Man gyaɗa kuma ya yi tsami a zafi, ya kama ƙurar hunturu ya zama kwaɓi, ya shige kafofin iska. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Akwai kuma tablon da ke lalacewa ba laifin kowa a cikin masu motar. A ƙarshen shekara ta 2014 kamfanin Toyota ya amince ya sauya tablon wasu motocinsa kyauta a Amurka, cikinsu har da Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, da Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010, da wasu ƙirar Lexus, saboda tablonsu na yin danƙo, yana ƙyalli kamar ya narke, ko yana tsagewa a wurare masu zafi da laima. Wa'adin wannan rangwame ya wuce tuni, motocin kuwa da yawansu sun tsallako teku sun zo Afirka ta Yamma a matsayin na hannu. Ɗan kasuwar da ke da irinta, ya ga tablo na kama yatsa, kada ya sallami yaron wankinsa a banza. Kada kuma ya ɓata kuɗi a kan feshi, ba ya warkar da wannan ciwo. Rufewa ko sauyawa ce kawai.

Duk wannan maganar dukiya ce. Akwai wadda ta shafi rai. Ba rashin iya ado ne ya sa ake yin saman tablo baƙi ko toka-toka, dishi-dishi, mai gurza-gurza ba. Gilashin gaba a kishingiɗe yake, yana aiki kamar madubi: duk abin da ke da haske a kan tablo, hotonsa zai tashi ya tsaya a gilashi daidai inda direba ke kallon hanya. Mai shakka ya ɗora farar takarda a kan tablo da rana tsaka, ya zauna a kujerar direba ya duba, kuma ma'aikata masu jibge takardun ofis a wurin ya kamata su fi kowa yin wannan gwaji. Tablon da aka feshe ya ɗauki ƙyalli haka yake yi, sai dai shi daga gefe zuwa gefe. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, gabas da yamma ta miƙe. Mai barin Maraɗi da hantsi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, rana na gabansa. Mai komowa da la'asar ma haka. A ƙara da ƙurar da ke kan gilashi ta waje, da hazon maiƙo ta ciki, wanda feshin kansa ke ƙara wa kauri, tunda ɗigonsa na sauka a gilashi. Amalanken jaki da ya fito daga inuwar itace ranar kasuwa, ko ɗan kabu-kabu, ko yaro mai kora awaki, a cikin wannan farin mayafi yake ɓacewa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowane sakan.

Yaron wanki mai son burge maigida ba ya tsayawa a tablo. Yakan bi sitiyari da kan giya, wani har robar birki da ta totur da kuloci. Silikon kuwa man santsi ne, aikinsa ke nan a masana'antu. Tafin hannu mai gumi a kan sitiyari mai santsi, ko takalmi mai laima a kan birki cikin damana, ba sai an yi dogon bayani ba. Tururinsa ma yana da nasa halin: in ya shiga makunnin lantarki, tartsatsin wuta na mayar da shi wani siririn ɓawo mai hana wuta wucewa. A shekara ta 2019 kamfanin Subaru na Japan ya kira motoci fiye da miliyan 2 a faɗin duniya domin a sauya makunnin fitilar birki, bayan an gano cewa tururin silikon daga kayan goge-goge da na ƙamshi yana shiga ciki ya kashe shi. Masu fentin mota su ma ba sa ƙaunar ganin gwangwanin kusa da rumfarsu, domin ɗigo kaɗan ya isa ya sa sabon fenti ya yi ramuka kamar zanzana.

Shi kansa gwangwanin, an rubuta a jikinsa da Faransanci ko Ingilishi cewa kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50, saboda iskar da ke tura feshin yawanci irin ta girki ce. An ga lissafin Arizona a sama. Duk da haka aljihun tablo ne ma'ajiyarsa a motoci da yawa, tare da turare da ƙyastu.

Direbobin taksi da na motocin haya da ke shimfiɗa darduma ko bargo a kan tablo, waɗanda masu manyan motoci ke yi wa kallon ƙauyanci, sun fi kowa kusa da gaskiya. Inuwa suka yi wa tablo, ita ce kuwa yake bukata. In shimfiɗar mai duhu ce, ba ta ƙyalli, ba ta toshe kafofin da ke hura wa gilashi iska ba, to ta biya. Amma dabarar ta dace ne da tsofaffin motocin da ba su da jakar iska a gaban fasinja. A Amurka doka ta wajabta wannan jaka a ƙananan motoci tun ƙirar 1998, a Turai ma ta zama ruwan dare tun wajen wannan lokaci, don haka yawancin motocin da ake shigowa da su yanzu suna da ita, a naɗe cikin tablo. In an yi karo tana fasa murfinta ta cika cikin kashi 1 cikin 20 na sakan, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Dardumar da aka manne da gam ko aka ɗaure da ƙusa a kan murfin tana iya karkatar da ita. Kwalbar turare, da akwatin hankici, da wayar salula, da ƙaramin agogon ado, duk harsasai ne masu jiran ranarsu, kuma fuskar uwargida ko yaron da ke kujerar gaba suka saita. Littattafan da kamfanin Volkswagen ke bayarwa tare da motocinsa sun yi gargaɗi a fili cewa kada a goge murfin jakar da abin da ke ɗauke da sinadarin narkarwa, domin yana rarake robar, ta tarwatse gutsi-gutsi lokacin da jakar ta fito.

Mai shirin sayen mota ta hannu yana da nasa rabon a wannan magana. Ƙyalli kayan aikin dillali ne, kuma ba laifi ba ne mai kaya ya yi wa kayansa kwalliya, amma mai saye ya san kyan ɗan maciji. Ya nemi a ɗage duk wata shimfiɗa da ke kan tablo. Ya goga farin tsumma mai laima a wani gefe, ya jira ya bushe, ya ga launin gaskiya. Ya danna da babban yatsa: roba mai rai tana nutsawa ta dawo, matacciya tana da tauri ko danƙo. Ya duba murfin jakar iska ko akwai alamar gam ko sabon fenti ko launin da ya saɓa da sauran, sannan ya murza makulli ya ga fitilar jakar ta kama na ƴan sakanni ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire mata ƙwai ne domin a ɓoye tsohon haɗari. Sauya tablo ba ƙaramin aiki ba ne, sai an kwance sitiyari da agoguna da wayoyi masu yawa, kayan gyara kuma sun ƙara wuyar samu tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville a shekara ta 2023, kaya suka koma dogon zagaye daga tashar Lome.

Kulawar da tablo ke so ba ta da tsada. Tsumma mai laushi, a jiƙa a matse, a ɗauke ƙura a hankali, da safe ko da yamma lokacin da robar ta huce. In akwai maiƙo, ɗigon sabulu mai sauƙi cikin ruwa, a bi da tsumma mai tsabta. Busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu kamar yashi yake, shi ne ke dusar da farar robar da ke rufe agoguna har allura ta daina ganuwa, ita kuma wannan roba ba ta shiri da barasar wanke hannu, tana sa ta tsattsage. Wanda ke son launi ya farfaɗo ya nemi na ruwa, marar ƙyalli, ya zuba a tsumma maimakon ya fesa, ya nisanci sitiyari da birki da gilashi.

Saura inuwa. Gindin dogon yaro, ko rumfar zana a ƙofar kanti, ko ta kwano a ma'aikata. Kashin tsuntsu da ƴaƴan itace da ke zuba a jikin mota ruwa na wanke su. In babu, a juya wa rana baya, a tokare gilashin gaba da makarin nan mai ƙyalli ko kwalin sukari da aka buɗe, farin gefen yana kallon waje. Sauke gilashin gefe kaɗan, wanda mutane da yawa suka dogara da shi, ba ya yin abin da ake zato: wani binciken jami'ar Stanford na shekara ta 2005 ya nuna cewa ƴar kafar ba ta rage zafin ciki yadda za a ce an rage, kuma kashi 80 cikin 100 na hawan zafin yana faruwa ne cikin minti 30 na farko, wato kafin mai mota ya gama gaisawa a ofis ko ya fito daga banki.